Madubin Kan Soro

Ranar Talata

Zuwa ga Gwaggo Zuhur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata ciwon gwiwarki ya yi sauƙi, sanyin Miknas kuma bai matsa miki ba. Mama tana gaishe ki. Ni ce Siham. Wannan ce wasiƙa ta farko da na rubuta wadda ba malamar makaranta ce za ta duba ba, ki yi haƙuri da ni.

Kin san yadda Lahadi take a gidan shayin Baba. Tun hantsi magoya bayan ƙungiyar ƙwallon garinmu suke cika shi da korayen mayafai a wuya, ƙamshin na'a-na'a yana hawowa har ɗakinmu. In lokaci ya yi sai su miƙe gaba ɗaya, su tsallaka titi su shige filin wasa, su bar Baba da kujeru. Idan an ci ƙwallo, ihunsu yakan girgiza kofunan da ke kan kanta, su yi ta ƙara a hankali kamar suna gulma. Da kofunan nan Baba yake kallon ƙwallo tun kafin a haife ni. Bai taɓa shiga filin ba, don wai masu fitowa ba za su tarar da buta da sanyi ba.

Bana Yaya Jawad ne golan ƙungiya. Lahadi mai zuwa ne wasansa na ƙarshe, daga nan zai bi jirgin kamun kifi zuwa kudu. Ba sa faɗa da Baba, sai dai ba sa hira. Kullum tsoho Hammadi masunci yakan ce, “Mubarak, hannun ɗan nan naka kamar tsohuwar komata ta kamun kifi, duk huji.” Baba sai ya ƙara masa shayi. Rannan ina wanke wa Yaya safar hannu, ya ce da ni Baba ya shayar da duk wanda ya taɓa zagin ɗansa a garin nan, amma ko sau ɗaya bai gan shi a raga ba. Da dariya ya faɗa. Ni dai ban yi ba.

Abin da Yaya bai sani ba, Baba ya ɗinka sabuwar jallaba, ya ce wa Mama zai rufe shago ya je wasan ƙarshe. Sai ga shi makon jiya magoya baya sun jefi alƙalin wasa da kifin sadin, aka yanke hukunci za a buga wasan Lahadi ba ɗan kallo ko ɗaya. Jallabar tana nan rataye a bayan ƙofa.

Gwaggo, daga kan soronmu ana hango ragar arewa ta filin. Na san soro na mata ne, Lalla Fadma kuma, dattijuwar da ke kula da shi, ba ta taɓa barin namiji ya hau ba. Amma ƙawarki ce. Don Allah ki rubuta mata ta bar Baba ya hau, na rabin wasa kawai. Ni ba zan iya haɗa ido da ita ba.

Ki huta lafiya. Taki mai biyayya,
Siham

Daga Miknas, ranar Alhamis

Siham 'yar gidana,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ita da ni sai kabari. Rubutunki ya yi kyau, ba irin na ubanki ba, wanda sai ka ce kaza ta taka tawada.

Ba zan rubuta wa Fadma ba. Ko na rubuta ba za ta yarda ba, kuma tana da gaskiya. Ranar Lahadin nan duk garin a shagon ubanki za su taru, tunda an rufe musu fili. In ya sa ƙafa a matakala, ƙarti arba'in ne a bayansa, Hammadi a gaba da warin kifinsa. Soron nan shi kaɗai muke da shi. A can muke kwance gashi, a can muke shanya kuskus, a can muke zagin mazanmu. In suka hau sau ɗaya, sun hau ke nan.

Kuma ki bar ganin ubanki shiru-shiru. Tun yana yaro, in abu ya dame shi sai ya yi ta goge kofin da ya riga ya goge. Ki duba hannunsa, ki rabu da bakinsa.

Kin tuna mini da soron. Ina kamar ke, shagon yana hannun kakanki, ba a barinmu mu leƙa titi. Sai na ɓalle madubin ƙofar durowar mahaifiyarmu, na jingina shi a bakin katanga, na karkato shi ƙasa. Ina zaune ina tsince alkama, ina ganin duk mai shiga shago, shi bai san ana ganinsa ba. A cikin madubin nan na fara ganin marigayi Si Allal, da hularsa a karkace, yana zubar da shayi a riga saboda gardamar ƙwallo. Na ce wannan wawan nawa ne. Madubin yana nan bayan buhunan ulu, in ɓeraye ba su gaje shi ba. Kada ki faɗa wa ubanki, har yau yana zaton kakanki ne ya zaɓa mini miji.

Ki gaishe da uwarki. Ki ce wa Jawad ya tafi da rigar sanyi, teku ba fili ba ce. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Zuhur

Ranar Asabar

Zuwa ga Gwaggo Zuhur,

Assalamu alaikum, tare da fatan kina lafiya. Da na karanta farkon wasiƙarki na yi kuka kaɗan. Da na kai ƙarshenta sai na hau soro.

Na samo madubin. Gefensa ya yi baƙi, tsakiyarsa garau. A makaranta an koya mana cewa hanyar da haske ya bi ya je, ita zai bi ya dawo. Na ce in madubi ya kawo miki ƙofar shago kan soro, zai iya kai ragar arewa ƙofar shago.

Dole na yi wa Lalla Fadma magana, don ba zan iya ɗaga shi ni kaɗai ba. Ta daɗe tana kallon madubin, sannan ta ce ta san shi, ita ma a cikinsa ta ga nata mijin, da ta sani da ta fasa shi tun ranar. Sai ta kwance igiyar shanyarta ta miƙo mini.

Mun ɗaure shi a ƙarfen eriya, ya leƙa kan titi. Ni na sauka na tsaya a dokin ƙofar shago kamar an aike ni, ita da sauran mata suna juya shi a sama. Da farko gajimare na gani, sai tsuntsayen teku, sai ga ciyawa kore shar tana lilo a saman gidanmu, da farar raga ƙarama kamar ta wasan yara. Na yi alama da alli a inda na tsaya.

Ban faɗa wa Baba ba. Tun safe yake goge kofi ɗaya. Ina tsoron gobe ya ƙi ɗaga kai. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Siham

Ranar Litinin

Zuwa ga Gwaggo Zuhur,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya.

Ban taɓa jin Lahadi irin ta jiya ba. Shago ya cika har tsakiyar titi, kowa da mayafinsa, kowa ya juya kujera yana fuskantar katangar fili. Suna rera waƙoƙinsu, in sun gaji su yi tsit, sai a ji usur da ƙarar ƙwallo daga ciki, tim, tim, kamar ana daka a wata unguwa mai nisa. Kofuna ba su motsa ba. Matan da ke kan soro ne kaɗai suke gani, don haka maza suka yi ta ɗaga kai suna roƙo. Hammadi ya ce, “Lalla Fadma, don girman iyayenki, me ake ciki?” Ta ce ya tambayi kifin da ya jefa.

A rabin farko Yaya yana ragar kudu, ba a ganinsa. Da aka dawo hutu na sauka, na ratsa tsakanin mazan nan kaina a ƙasa. Baba yana ɗauke da tire. Na kama hannun rigarsa na kai shi kan allin, na ce, “Baba, dubi sama.”

Ya ce ba ya son wasa, ga mutane suna jira. Amma ya duba.

Gwaggo, Yaya yana can a sararin sama, cikin rigarsa ruwan ɗorawa, tsuntsayen teku suna wucewa ta gefensa. Baba ya tsaya da tire a hannu har shayin ya huce. Butar da ke kan wuta ta tafasa ta zube. Hammadi ya buɗe baki zai yi tsokana, da ya ga fuskar Baba sai ya tashi ya shiga bayan kanta da kansa, ya haɗa wa mutane shayin da suka ce ko jirgi ba za a wanke da shi ba. Wasu sun so su ture Baba su gani, Hammadi ya ce duk wanda ya taka allin nan zai sha kofi biyu.

Na so Yaya ya yi tsalle ya kama wata ƙwallo mai wuya. Ko ɗaya ba ta zo ba. Wasan duk ya koma ɗaya gefen, aka tashi ba wanda ya ci. Shi kaɗai yake tsaye, yana kai da komo a bakin raga, yana gyara ragar da ba ta karkace ba, yana goge hannu a gaban rigarsa. Na ji kunya, na ce wa Baba ya yi haƙuri, bai ga komai ba.

Bai sauke kai ba ya ce, “Haka yake tsayuwa kullum? Shi kaɗai, kowa yana can?”

Na ce galibi haka ne.

Ya ce, “Ashe aikinmu ɗaya.”

Da Yaya ya fito ya zo wucewa ta shago zai hau sama yadda ya saba, Baba ya jawo kujera da ƙafa, ya ce ya zauna. Ban ji abin da suka ce ba, Mama ta kira ni. Amma na ga kofi biyu.

Jirgin zai tashi jibi. Yaya ya karɓi saƙon rigar sanyi. Ki huta lafiya.

Taki mai ƙaunarki,
Siham

Ranar Juma'a

Yaya Zuhur,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaron ya tafi. Na raka shi bakin jirgi da sabuwar jallaba, shago a rufe, garin kuma bai mutu ba.

Madubinki ya fi ƙarfin igiyar Fadma, na sa maƙeri ya yi masa ƙafa. Siham ta ce in an juya shi kaɗan ana ganin mashigar jiragen ruwa. Ta sake yi mini alama da alli.

Maganar Si Allal kuma, tun wancan lokacin ni da mahaifinmu muna ganin walƙiyar madubin nan daga bayan kanta.

Ƙaninki,
Mubarak