Baƙuwa a Kicin Ɗin Baba

Oamaru, 9 ga Disamba

Yaya Fergus,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zafin Perth, ya Bronwen da yara? Ina fata gwiwarka ta yi sauƙi.

Na iso gidan Baba da takardar gidan kula da tsofaffi a jakata, kamar yadda ka matsa. Halina, ma'aikaciyar da ke duba shi, ta tare ni tun a ƙofa. Watanta uku da zuwa daga Poland, mutuniyar kirki ce. Ta maimaita mini abin da ta rubuta maka: wai Baba ya ce Pavlova na kicin, kada a buɗe ƙofa, iska za ta taɓa ta ta faɗi. Halina ta ce ta san Pavlova sarai, 'yar rawar Rasha ce, ta rasu tun kafin a haifi Baba. Hawaye take yi.

Fergus, kai da digirinka biyu ka karanta wannan, ka yanke cewa uban da ya haife ka ya ruɗe?

Na zaunar da ita na ce a ƙasar nan wannan sunan kek ne, na farin ƙwai da sukari, wanda ake bari ya huce a cikin obin ɗin da aka gasa shi. An sa masa sunan 'yar rawar, aka manta da rawar. Baba kuwa "ita" yake ce masa, kamar yadda Mama take ce masa. Halina ta rufe fuska don kunya.

Ban sa hannu ba tukuna. Zan kwana biyu in gani da idona.

Ƙanwarka,
Ngaire

Oamaru, 12 ga Disamba

Yaya Fergus,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma haka.

Kansa ƙalau. Jiya ya gyara mini shekarar da na gama jami'a. Hannunsa ne ke rawa. In ya fasa ƙwai sai gwaiduwa ta ɗiga cikin farin, ka san kuwa ɗigo ɗaya ya isa ya hana Pavlova tashi. Sau bakwai yana gwadawa, yana binnewa a lambu don kada mu sani. Kirsimeti na farko ke nan ba Mama, so yake ya ajiye mana ita a tebur kamar kullum.

Na karɓi ƙwan zan fasa. Ya ce, "Ke 'yar boko, ko shayi kin iya?" Na fasa shida ba kuskure, ya buga da kansa. Ta tashi, ta ɗan tsage a gefe, ya rufe da kirim da 'ya'yan itacen kiwi. Ya ce in gaya maka ka faɗa wa surukanka na Ostareliya su daina cewa tasu ce.

Da safen nan ya ga takardar a jakata. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya a hankali ko akwai obin a gidan tsofaffin. Na yaga ta a gabansa.

Duk Asabar zan riƙa zuwa daga gidana a Dunedin. Kai kuma ka sayi tikiti ka zo, ka daina duba shi ta wasiƙa. Da zan tafi ya ce in yi maza kada bas ta bar ni, ya ja ƙofarsa ya rufe, na ji ya murza makulli.

Taka har kullum,
Ngaire