Kada Jirgin Cádiz Ya Tashi Ba Ni

Daga Almería, ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga Casilda, furen lemon gonata, inuwar zaitun ɗina a tsakar rana, ruwan sanyin da ban taɓa sha na ƙoshi ba, muryar da nake ji ko an toshe mini kunne.

Casilda! A tsaye nake rubuta miki, don zama ya gagare ni. Na zauna na miƙe, na leƙa taga na dawo, har matar da nake haya a gidanta ta buga bango ta ce, "Anselmo, in rawa za ka yi fita waje, tukunyata na girgiza!" To yaya zan zauna? Jiya Fermín, direban da ke kawo mana dawaki wurin ɗaukar fim, ya diro daga motarsa yana sharce gumi, ya ce da ni kamar mai faɗin an yi ruwa a ƙauye, "Ashe mutanenka za su ƙetare teku? Tsoho Don Melchor ya kwashe 'yan wasan kwaikwayonsa kaf, ranar Asabar jirgin ruwa zai tashi da su daga Cádiz zuwa Argentina. Har da taka." Har da taka! Ƙasa ta juya da ni, ya ke sanyin idona. Teku fa? Tekun da ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya ƙetara?

Kin tuna ƙauyen nan na bayan Trujillo, inda muka kafa dandamali da katako a kan gangunan giya, a gaban coci? Rana tsaka, manoma sun zo da kujerunsu a ka, tsofaffi mata na ɓare waken miya suna kallo. Muka kai inda zan durƙusa a gabanki a cikin wasan. Na ɗago kai, iska ta ɗaga gashinki baƙi wuluk kamar fiffiken hankaka, sai duk abin da na haddace ya zube daga kaina. Jaki ya yi kuka a bayan coci, yara suka fashe da dariya. Kika rufe baki da maficinki, kika ce a hankali, "Kai ɗan banza, ce kana sona mana, mutane na jira!" Na faɗa. Na faɗa da ƙarfin da ya tashi tantabarun hasumiya. Jama'a suka tafa wa ɗan wasa, ba su san babu wasa a ciki ba. Ke kin sani.

Ke ce kika tura ni nan, ya ke tauraruwata mai taurin kai. Da masu fim suka nemi mai irin fuskata, ke kika haɗa mini jaka kika ce, "Tafi ka gwada. In ba ka je ba, da mita za ka ishe ni har tsufa." Na zo, na gwada. Kin san aikina a wannan hamadar? Mutuwa! Ni ne mugun da ake harbewa. Na faɗo daga doki, na faɗo daga soro, na mutu a cikin kwamin shayar da dabbobi, in tashi in karkaɗe ƙura in sake mutuwa saboda gajimare ya tare rana. Kuma idan fim ya fita, ba muryata ba ce a bakina, ta wani ce can da ban taɓa gani ba. Ni da nake cika fili da murya ba tare da na ɗaga wuya ba! Kyamara ido ce marar ƙiftawa, ba ta dariya, ba ta tari, ba ta raɗa wa mutum abin da ya manta.

Fermín bai bar ni haka ba. Wai an samo wani saurayi, Leandro, shi ke durƙusa miki a dandamali yanzu. Wayyo Casilda! Ya san ba kya son a riƙe miki hannun hagu tun da kika ƙone da fitilar dandamali? Ya san idan kika taɓa ɗan kunnenki, nufinki ya rage sauri? Ba na zarginki, wallahi ba na zarginki. Amma zuciyata ta zama kamar bijimin da aka kulle a akurki, tana tunkuyin haƙarƙarina ta ko'ina.

Ga kuma abin da ya hana ni zama. Shekaranjiya, kafin zuwan Fermín, darakta ya dafa kafaɗata ya ce fim na gaba ni ne jarumi. Sunana a saman allo, muryata a bakina, ba mai harbe ni. Abin da na zo nema ke nan, ya zo har tafin hannuna. Na wuni jiya ina auna shi da ke, ina zagaya garin katakon da suka gina a cikin rairayi, gidajen da ba su da komai sai fuska. Me zan yi da suna a saman allo, idan wadda zan nuna wa tana bayan teku? Wa zai zungure ni da gwiwar hannu a gidan silima ya ce na cika zare ido?

Yau da safe na shiga wurin wanzami. Gemun da suka sa na tara tun zuwana, wanda darakta ke so jarumin ya fito da shi, na ce ya sauke shi duka. Ya tsaya da aska a sama ya ce, "Maigida, ka san mutanen nan za su cinye ka ɗanye?" Na ce aske. Da darakta ya gan ni ya jefar da hularsa ƙasa ya tattake ta, ya kira ni mahaukaci da harsuna uku, ya ce kada in ƙara taka wurinsa. Na yi masa godiya.

Ba na roƙonki ki fasa tafiya, ya ke ruwan bazarata. Dandamali numfashinki ne, ba zan shaƙe ki ba. Roƙona ɗaya: ki je wurin Don Melchor ki ce ya ba ni gurbi, kowane iri. Zan ja labule. Zan ɗauki akwatuna. Zan fito a matsayin bara mai kawo ruwa ya koma bai ce uffan ba, in dai daga gefen labule zan ji muryarki. Tsohon yana jin maganarki fiye da ta likitansa. In kuma ke ce ba kya so, ki faɗa mini da bakinki, ido cikin ido.

Fermín zai kawo miki wannan wasiƙar gobe, ni kuma ina biye a jirgin ƙasa. Ranar Asabar, kafin ki taka tsanin jirgi, ki waiga. Za ki ga wani mutum da jaka ɗaya, rana ta ƙone masa goshi, haɓarsa fara tas kamar ɓararren ƙwai. Ki yi dariya iya son ranki, amma kada ki wuce shi.

Naki a kan tudu, naki a kan ruwa, naki har ranar da zan faɗi ban tashi na karkaɗe ƙura ba,

Anselmo.