Matar Ƙanena Ce Ta Koya Wa Inna Karatu, Ba Ni Ba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama, kuma ki sakaya sunana, domin abin da zan faɗa miki ko maigidana ban iya faɗa masa ba. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa. Idan kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, kunya ce.

Ni malama ce a jami'a, shekarata arba'in da shida, adabin Turanci nake koyarwa. Digirina na uku a kan wani tsohon marubucin ƙasar Ingila na yi shi, mutumin da ya rasu fiye da shekara ɗari amma har yau ake karanta labaransa. A falonmu na fara saninsa, tun ban shiga sakandare ba. Babanmu akawu ne a gidan waya, yana da littattafan mutumin guda bakwai masu jan bango. Idan ya taso daga aiki ya ci abinci, sai ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya karanta shafi ɗaya a zuci, sannan ya juya mana shi da Hausa. Inna tana gefe tana saƙa kayan sanyin jarirai da take sayarwa. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ta fi mu duka riƙe labarin. Idan Baba ya rikita sunan wani, ita ke gyara masa. Akwai wani mugu a cikin labaran da ta tsana, har idan maƙwabcinmu mai faɗa ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ta ce mana ga ƙaninsa nan ya iso.

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Baba. Bayan 'yan watanni Inna ta ce mini gidan ya yi mata shiru, tana so ta koyi karatu. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, wa ya fi ni cancanta? Na sayo ƙaramin allo da littattafan koyon manya. Mako uku muka yi. Nakan zo daga ofis a gajiye, ido ɗaya a kan littafi, ɗaya a kan agogo. Kullum sai ta rikita b da d. Ban san sau nawa na ce mata, Inna jiya fa muka yi wannan ba. Rannan sai ta rufe littafin ta ce idonta na ciwo, a bar shi kawai. Gaskiya Anti, sanyi na ji a raina. Na riƙa gaya wa mutane girma ne ya zo, kan ba ya ɗauka. Har a wani taro na ba da misali da ita, ban dai faɗi ko wace ce ba.

Inna tana zaune ne a gidan autanmu, direban motar asibiti. Matarsa har yau Amarya muke ce mata, duk da shekararta tara a gidan da 'ya'ya uku. Sakandare kawai ta gama. Labule da zanen gado take ɗinkawa a garejin gidan da suka mayar shago. Ba mu taɓa samun saɓani da ita ba, Yaya take ce mini, ni kuma ban taɓa ɗaukarta wata aba ba, Allah na tuba.

Ashe wata rana Amarya tana shara ta jawo kwalin littattafan Baba daga ƙarƙashin gadon Inna, Inna ta ba ta labarinsu. Turancin ya fi ƙarfinta, sai ta nemo ƙananan bugu na 'yan makaranta da aka sauƙaƙa, tana duba ƙamus a waya, tana rubuta labarin da Hausa da manyan baƙaƙe a littafin rubutu na yara, rabin shafi kullum. Ta ce wa Inna ci gaban labarin yana ciki, idan tana son ji sai su karanta tare. Inna takan zauna a benci kusa da keken ɗinki tana bin layi da yatsa, Amarya na taka keke tana gyara mata ba tare da ta ɗaga kai ba. Shekara biyu suna wannan ban sani ba, domin ni ranar Lahadi nake leƙawa, in yi awa ɗaya in tashi.

Yadda na sani shi ne, na ajiye takardar da na rubuta cefane a kan tebur, sai Inna ta ɗauka ta karanta ta tun daga sama har ƙasa, ta ce na manta da sabulu. Na rungume ta na yi kuka, kuma kukan na gaskiya ne. Amma da ta ce in gode wa malamarta, ta nuna Amarya, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, kuma har yau bai sauka ba. Inna ba ta kiranta da komai sai Malamata, ko a gaban baƙi. Wasiƙar farko da Inna ta rubuta a rayuwarta, layi huɗu, ga Amarya ta rubuta ta. Tana nan manne a bangon shago saman keke. Duk lokacin da na shiga sai na kawar da kai.

Yanzu mata goma sha huɗu ke zuwa shagon koyon karatu da hantsi, littattafan rubutun sun kai goma sha ɗaya, har hoto ake ɗaukarsu ana rabawa. Ni kuma ina cikin kwamitin wata ƙungiyar yaƙi da jahilci. Ni na kawo shawarar a yi taro don tunawa da marubucin nan, ni ce kuma zan gabatar da babbar lacca. Sai wata 'yar kwamitinmu ta kai ɗinkin labule ta ga abin da ake yi. Maganar da nake miki, an yanke za a karrama Amarya a taron, wanda za a yi Asabar ta sama, Inna za ta hau dandamali ta karanta shafi ɗaya, ana ma zancen buga littattafan. Shugabarmu ta kira ni cike da murna ta ce ni zan miƙa kyautar, wai wa ya fi dacewa.

Ga abin da na aikata. Lahadin da ta wuce na ɗauki littafi ɗaya na ce bari in duba. Kurakurai kuwa akwai su. Ta mayar da kawu uba, ta tsallake babi biyu, ta sauya wa mutanen labarin sunaye, wani wurin ma ra'ayinta ta cusa. Na zaro jan biro daga jaka, a gaban matan nan, na bi shafi shida ina ja ina bayani kamar ina aji. Amarya ta ce ta gode, dama ta san ba za a rasa kuskure ba, amma na ga idonta ya ciko. Inna ta karɓi littafin daga hannuna ta daɗe tana kallon jan rubutun, wanda yanzu take iya karantawa. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, idonta bai taɓa ciwo ba, ko a wancan lokacin. Ta tashi ta shige ciki.

Tun ranar ban koma ba. Na rubuta wa shugabarmu saƙo cewa aikin bai kai a karrama shi ba, a dakata tukuna. Yana nan a wayata ban tura ba. Wani lokaci in ce ai gaskiya ce, shekara ashirin na yi a kan mutumin nan, yaya zan tsaya a gaban jama'a in yabi aikin da na san da gyara? Wani lokaci kuma in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mahaifiyata ce fa, Anti. Ita ta yi saƙa har yatsunta suka yi kanta don in yi karatun nan. In tura saƙon ne, ko in ce tafiya ta kama ni, ko yaya zan yi?

Taki,
Malama mai jan biro

Wa alaikis salam, 'yar'uwa.

Ki fara goge saƙon nan kafin ki ƙarasa karanta amsata. Saƙon da aka ajiye a waya, wata rana rai zai ɓaci yatsa ya taɓa shi. Idan ya isa hannun shugabarku, Amarya za ta rasa kyauta, ke kuma za ki rasa abin da ya fi kyauta nesa ba kusa ba, domin irin wannan magana ba ta ɓuya, sai ta koma kunnen Inna.

Abin da ke damunki kishi ne, kin kuma san haka, shi ya sa kika rubuto mini maimakon ki tura saƙon. Ban ga laifinki don kin ji shi ba. Kowace 'ya tana so a ce ita ce ta share wa mahaifiyarta hawaye, balle ke da karatu ne sana'arki. Sai dai ki lura, tun ranar takardar cefane abin ya tokare ki, lokacin babu zancen taro, babu zancen bugu, ba ki ma buɗe littafin kin ga kuskure ko ɗaya ba. Don haka kada ki bari zuciya ta ruɗe ki cewa martabar marubucin kike karewa. Mutumin da labaransa suka yi shekara fiye da ɗari suna yawo, kawu da aka mayar uba ba zai kashe shi ba.

Zan ba ki gaskiyarki. Kurakuran da kika gani na gaske ne, kuma idan za a buga littattafan dole wanda ya sani ya duba su. Ilminki ba abin kunya ba ne. Mako ukun da kika yi da Inna ma ba mugunta ba ce, ke ma a lokacin marainiya ce sabuwa, ga aiki, ga gida. Koyar da babba, musamman wadda ta haife ki, yana da wuya ƙwarai, domin ita tana jin nauyin ta kasa a gaban 'yarta, ke kuma kina jin zafin ganin ta kasa. Amarya ta samu abin da ba ki da shi, wato zama wuri ɗaya da ita daga safe zuwa yamma. Ta kuma gane abin da ya wuce ki, cewa Inna labarin take kewa da muryar da ke ba ta shi, baƙaƙen hanya ce kawai. Wannan basira ce, ki ba ta ita ba tare da ragi ba.

Inda kika yi laifi shi ne jan biron nan a gaban ɗalibanta. Ki je shagon kafin taron, a lokacin da matan suke nan, ki ba Amarya haƙuri a gabansu tunda a gabansu kika ƙasƙantar da ita. Kada ki haɗa da bayani, kada ki ce amma. Ki sayi sabon littafin rubutu ki kwafe shafi shidan nan da hannunki, yadda ta rubuta su, ki mayar mata. Zancen gyara ki bar shi sai bayan taro, ku biyu kaɗai, kuma ki tambaye ta tukuna ko tana so. Idan kun zauna, ki rarrabe kuskure da dabara. Sauya sunaye da gajarta babi wataƙila su ne suka riƙe mata goma sha huɗu a kan benci. Babanku ma da yake juya muku shafi da baki, ina tabbatar miki ba kalma da kalma yake bi ba.

Taron kuwa ki je, ki yi laccarki, ki miƙa kyautar da hannu biyu. Idan za ki iya, ki faɗa wa jama'a cewa kin taɓa gwadawa kin kasa, ƙanwarki ta yi. Ba zai rage ki da komai ba, kuma malaman da ke zauren za su fi amfana da wannan jimla ɗaya fiye da sauran laccar.

Sai Inna. Maganar da ta faɗa miki mai zafi ce, amma shekara goma sha biyu ta riƙe ta don kada ta ɓata miki rai, kuma uwa ba ta fitar da irin wannan sai ga ɗan da take so su shirya. Ki same ta a ɗakinta ki ce kin ji, ki nemi gafararta. Matsayin malama an riga an ba wata, ki haƙura da shi. Matsayin 'ya yana nan, babu mai zama a kansa sai ke. Ki ƙara tsawon Lahadinki, ki ce ta karanta miki, idan ta tsaya a kan kalma ki kama bakinki har ta fito da ita da kanta. Sannan ki tuna yanzu kina da uwa mai karatu. Ki rubuta mata wasiƙa da manyan baƙaƙe, ki gaya mata abubuwan da kika gaya mini game da saƙarta da yatsunta. Kada ki tsaya jiran amsa, ki dai rubuta, ki sake rubutawa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Inna lafiya da hasken ido, ya saka wa ƙanwarki da alheri.

Antinku