Da Hannun Hagu

Litinin, 7 ga Maris, 1994
An sallamo ni daga asibiti. Injin niƙa abincin shanu ya tafi da hannuna na dama, daga wuyan hannu. Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya karkace.

Alhamis, 10 ga Maris
Muna cin dankali Baba ya tura wa ƙanena Donncha makullin tarakta, a gabana. Na ce, "Baba, ban fa mutu ba." Ya ce, "Fachtna, ko sarkin allolinmu na dā, da aka sare masa hannu a yaƙi, sauka ya yi. Ƙasa ba ta karɓar sarkin da bai cika ba." Tun muna yara yake ba mu labarin nan a bakin murhu. Ni ne ma mai cewa a sake. Shekara goma sha tara ina tatsar shanun nan.

Asabar, 19 ga Maris
Matata Gobnait ta ce mu koma birnin Galway, mijin yayarta zai samo mini gadi. Na fita wajen shanu.

Lahadi, 27 ga Maris
Mun fito coci Donncha ya ce, "Yaya, ai sarkin nan an ƙera masa hannu na azurfa. Ko mu narka cokulan Inna?" Na so in yi dariya, na ƙi. Baba kuwa bai ɗauka wasa ba: "Na azurfar bai isa ba. Shekara bakwai ya jira kafin ya koma sarauta."

Laraba, 6 ga Afrilu
Da hantsi jar karsana ta fara naƙuda, ɗan ya zo da baya. Donncha ya zo a guje, fuska ba jini. "Za ta mutu, ban san yadda ake yi ba!" Na cusa hagun har kafaɗa, na lalubo ƙafafun, na sa masa igiya. Na ce, "Ja, ranka ya daɗe, ja!" Ya ja. Mace ce, da rai. Baba yana bakin ƙofa yana kallo. Dungun ya yi jini kaɗan, ban nuna wa Gobnait ba.

Juma'a, 8 ga Afrilu
Da safe Baba ya tsaya kusa da ni, yana kallon sama. "Wane fili za a kai shanun yau?" Na ce ya tambayi sarkinsa Donncha. Ya ci gaba da tsayuwa. Can na ce na gangare, na tudu bai bushe ba.
Ni na buɗe musu ƙyauren. Sau uku sakatar tana kuɓuce mini. Donncha ya taho zai kama, Baba ya riƙe masa riga.