Muryar Yaya a Cikin Manhaja

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Madam Ngunan, sakatariyar ƙungiyar manoman Kwandere, ta kira. Shafin rajistar taki ya daina buɗewa a manhajar da muka haɗa musu ni da Yaya Sadisu. Fari fat, in ji ta. Na san dalili tun ba ta gama magana ba, amma na ce zan duba. Wata biyar da rasuwarsa, ban sake taɓa aikin nan ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na buɗe. Ina kunnawa sai ga muryarsa: “Sannunku da zuwa, manoma. Mu je aiki.” Shi ya naɗa da wayarsa don wasa, muka bar ta a farkon manhajar. Har tarinsa yana ciki. Na kife kaina a tebur na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo gawarsa daga hanyar Shabu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Matsalar ita ce burauzar da muka dasa a cikin manhajar, wato mai buɗe shafukan intanet. Hanya biyu ce dama: ko mai sabunta kanta duk lokacin da ta samu intanet, ko kafaffiya, wadda kake ɗaure ta da manhajarka ta zauna yadda take. Ni na so mai sabuntawa. Yaya ya ce, “Ke, a Kwandere? Netwok ɗin da sai an hau bishiyar mangwaro?” Muka yi ta musu har shayi ya huce, ya ci ni da girma. Taurin kai gare shi kamar me. Yanzu shafin takin ya ci gaba, kafaffiyarsa ta tsufa, ba su jituwa.

Na gwada mai sabuntawa a kwamfutata. Shafin ya buɗe tas. Muryar ce ba ta fito ba. Ta ƙi kunna sautin da kanta, sai mutum ya danna wani abu. Ko kafaffiyar na ɗauko sabuwa, hakan take yi.

Na mayar da tsohuwar.

Juma’a, 11 ga Afrilu

Ban yi komai ba. Na ce wa Madam wuta ce babu.

Lahadi, 13 ga Afrilu

An yi ruwan fari jiya. Ƙarshen wata za a rufe rajistar. Na sani, ba sai an tuna min ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na hau mashin zuwa Kwandere. Mutane zaune a gindin bishiya bakin ofis, suna jira a ce ya buɗe. Wani tsoho ya miƙe ya ba ni benci, kunya ta kama ni. A ciki na faɗa wa Madam gaskiya, har batun muryar. Ta ce, “’Yata, ni ma zan yi missing ɗin shi o. Kullum safe shi ne yana gaishe ni kafin maigida na ma. Amma Sadisu ya ce mu je aiki, bai ce mu zauna muna jin shi ba.”

Na ji haushinta. Haushi sosai. Ɗan’uwanta ne? Amma a kan mashin ina dawowa maganarta ce kawai ke yawo a kaina.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na sauya zuwa mai sabunta kanta. Yanzu akwai netwok a ofishin, an kafa ƙarfen sabis kusa da makaranta bara. Na ci musun ke nan, Yaya, kuma ba ka nan balle in yi maka dariya.

Muryar na sa mata ɗan maɓalli kore a gefe. Wanda ya so ya danna.

Asabar, 19 ga Afrilu

Madam ta ce an yi wa kowa rajista. Tsohon nan ya aiko min da doya. Ta ce ita tana dannawa kowace safiya. Ni ma.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ƙungiyar Adogi ma suna son manhajar, na wuni ina gyara musu. Na buɗe ta, na rufe, ban san sau nawa ba. Sai da na tashi sallar la’asar na tuna yau ban danna ba.

Aiki ne ya yi yawa, ba wani abu ba. Da na idar na dawo na zauna gaban kwamfutar, hannuna a kan maɓallin. Sai Mama ta kira ni in zo in taya ta da miya, na tashi na tafi.