Inna, Na Yi Fushi da Sifaniyanci

Zuwa ga kakata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa a durƙushe, irin wadda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Yau wata goma da rasuwarki. Ɗakinki na gidanmu na Glenwood, a nan ƙasar waje, ya zama nawa, amma har gobe Mama "ɗakin Inna" take cewa.

Labari na kawo miki. Kin tuna ƙawata Yesenia, 'yar Meziko, wadda kike kira Yasina don kin ce sunanta ya fi ƙarfin haƙoranki? Kin tuna littafin nan mai shuɗin bango da nake rubuta labaran soyayya a ciki, wanda kike cewa da shi za a kai ni gidan miji? Ita kaɗai na taɓa bai wa ta karanta.

Ranar Litinin, a bas ɗin makaranta, ta buɗe shi ta karanta wa 'yan kujerar baya wurin da saurayin ya tsaya cikin ruwan sama yana jiran yarinyar ta fito. Har da kwaikwayon murya. Aka yi ta dariya. Ni ma na yi murmushi, kin san hali. Na karɓi littafina na sauka, ban sake ce mata uffan ba.

Talata da Laraba ina kawar da kai in mun haɗu. Ga dokarki tana yi mini yawo a zuciya, cewa gaba ba ta wuce kwana uku. Kikan ce, "Fushin da aka rufe da faifai, tsami yake yi." To amma da wane baki, Inna? Da Hausa kunya ke riƙe ni. Da Turanci kuwa hawaye ke riga ni kai ƙarshen magana.

Alhamis ce rana ta uku. A ajin Sifaniyanci sai ga darasin yadda ake nuna fushi. Malama ta cika allo: basta, wato ya isa, déjame en paz, ƙyale ni, estoy enojada, na yi fushi. Ta ce kowa ya fito da abokin zamansa su yi faɗan wasa. Abokiyar zamana kuwa Yesenia ce, ita da ta sha yaren a nono, maki kawai ta zo ɗiba.

'Yan aji suka yi ta ihu suna buga tebur, wani har ya yi jifa da hula. Da aka zo kanmu, muka fito kowa da takardarsa. Faɗan da aka rubuta mana a kan wata rigar aro ne.

Sai na tuna yadda kike yi in Baba ya ɓata miki rai. Ba kya ɗaga murya. Wuri kike samu ki zauna, ki gyara mayafi, ki kira cikakken sunansa, ki faɗi magana ɗaya tak, gidan ya yi tsit.

Na ja kujera na zauna a gaban aji, na kife takardar. Na kira sunan Yesenia har da na mahaifinta. Na ce, "Estoy enojada contigo," na yi fushi da ke. Na ƙara da, "Me dolió," ya yi mini ciwo. Kalmomin baƙi ne a bakina, kunyata ba ta kai ga saninsu ba, sai suka fita lafiya lau.

Ta dubi takardarta, ta dube ni. Ta ce perdóname, ki yafe mini. Wannan kam ba ya cikin abin da aka rubuta mana.

Malama ta rage mini maki, wai muryata ba zafi. Ban yi gardama ba. Ba ta san ki ba ne.

Ranar Asabar Yasinarki ta zo gida, ta ci dambun Mama har ta nemi ƙari. Can ta tambaye ni, a hankali, ko yarinyar ta fito ta sami saurayin. Na ce littafin yana hutu tukuna. Amma ke zan gaya miki: ta fito, har da lema.

Na gode, Inna. Da ba don kwana ukunki ba, da har yanzu ni kaɗai nake zama a bas.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki kamar yadda kika koya mana yafewa, ya haɗa mu a Aljanna.

Takwararki mai kewarki,
Ummi