Rasuwar Sarkin Tsatsa da Gadar da Ya Bari a Hannunmu

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Injiniyoyi da Masu Gyaran Gadoji da Gine-ginen Ƙarfe, a madadin Mai Girma Shugabanta, Kwamitin Amintattu da ɗaukacin 'ya'yanta, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya, tsohon shugabanta, kuma Babban Injiniya mai kula da gyaran tsohuwar gadar asibiti, wanda babba da yaro a sana'ar nan suka fi sani da Sarkin Tsatsa. Allah Ya karɓi abinSa jiya da hantsi, bayan ciwon ƙirji da ya taso masa a bakin aiki. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Marigayin da walda ya fara, ya kuma daɗe yana ganin ƙarfe ba shi da magani sai ƙarfe ɗan'uwansa. Lokacin da aka zo mana da zaren kabon, wato baƙin ƙyallen nan mara nauyi da ake jiƙawa da gam a manna wa ƙarfen da ya gaji domin a ƙara masa ƙwari, shi ne ya fi kowa yi masa dariya a taro, har yana tambaya ko daga yau tela za mu riƙa kira ya yi wa gada faci. Sai dai mutum ne da ba ya jin kunyar gaskiya. Da ya ga sakamakon gwaji da idonsa, ya ajiye girma ya koma ɗalibi da furfurarsa, ba a jima ba ya zama malaminmu duka. A wurinsa muka koyi cewa ƙarfen da ba a kankare shi ya yi fes ba, gam ba ya kama shi. Shi ne kuma ya tilasta mana shimfiɗa ƙyallen zaren gilas a tsakanin kabon da ƙarfe, domin idan kabon ya taɓa ƙarfe kai tsaye, danshi ya same su, tsatsa ce za ta yi ta cin ƙarfen ta ƙarƙashi ba wanda ya sani. Wanda duk ya tsallake wannan, ko ɗan cikinsa ne, sai ya ɓare aikin ya sake daga farko. Mun sha faɗansa, wallahi mun sha, ga shi yau muna neman mai yi mana faɗan mun rasa.

Aikinsa na ƙarshe shi ne gadar nan ta ƙarfe, wadda ita kaɗai ce ke kai mutanen hayi asibiti ba tare da dogon zagaye ba. Da aka yanke shawarar rufe ta a jira sabuwa, marigayin ya tsaya kai da fata, yana cewa mace mai naƙuda ba za ta jira sabuwar gada ba. Aka ba shi dama da sharaɗi guda: in an gama gyara za a jera manyan motoci cike da yashi a kanta, in ta lotsa fiye da ƙima, an rufe ke nan. Ya manna ƙyalle na ƙarshe da hannunsa, yana jiran gam ya gama bushewa, sai wa'adi ya cika.

A tsawon aikinsa, ranar irin wannan gwaji marigayin bai taɓa tura kowa ƙarƙashin gada ya karanta ma'auni ba, da kansa yake shiga, don a ganinsa wanda ba zai iya tsayawa ƙarƙashin aikinsa ba bai da hurumin cewa jama'a su bi ta kai. Muna jin masu raɗe-raɗin cewa tunda mai aikin ya tafi gara a fasa gwajin a rufe gadar kawai. Haba jama'a, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? To, su sani gwajin yana nan mako mai zuwa, mataimakinsa ne zai karanta ma'auni, shugabannin ƙungiya kuma za su tsaya a bayansa a ƙarƙashin gadar.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, wadda uwa ce a gare mu, da 'ya'yansa, jikokinsa, ƙannensa da abokan aikinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

A ƙarshe, ya zama wajibi mu sanar da cewa mai ɗakin marigayin ta aiko babban ɗansu da saƙon cewa ita ma za ta shiga ƙarƙashin gadar tare da mu. Mun roƙe ta, mun haɗa ta da Allah, ta ƙi. Ta ce duk ranar gwaji a gida take wuni, tana kasa kunne ta ji sallamarsa a bakin ƙofa. Wannan karon kuwa, in ta zauna a gida, ba ta da wanda za ta jira. Ƙungiya ta tanadar mata hular kwanonsa.

Sa hannu:
Injiniya Dogo
Kakakin Ƙungiyar Injiniyoyi da Masu Gyaran Gadoji da Gine-ginen Ƙarfe